Tattasai a Gidan Sauro

Ku samarin yanzu, da kun sayi injin ban ruwa da gwangwanin iri sai ku ɗauka kun gama zama masu lambu. Ina ganinku a bakin fadama, kunne toshe da waya, ruwa yana kwarara har ya fasa fangali ya shiga na maƙwabci, ku kuwa kuna inuwa kuna jiran motar da za ta zo ɗaukar kaya. Ban ce ba ku da ƙoƙari ba. Amma wanda bai san halin irin da yake shukawa ba, bai san inda ya fito ba, mai ban ruwa ne kawai, da sauransa. Sunana Ilu. Gidana yana gefen garin Haɗeja ta wajen fadama, lambuna kuma yana bayan gidan, darni ne kaɗai ya raba su. A cikin lambun nan na yi furfura.

Aikin farko da aka ba ni jan jigo ne. Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba: doguwar sanda ce a kan gwafa, an ɗaura curin laka a gindinta, guga a ɗaya bakin. Ka danna gugan ya nutse, nauyin lakar ya ɗago maka shi, ka juye a magudana. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Baba Maina, mai lambun a lokacin, ya ce masa, “Ga shi nan. Allo ya gagare shi, kasuwa ta gagare shi, ko ƙasa za ta iya da shi.” Baba Maina ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini jigo da leɓe. Rani guda cur ban taɓa ganye ba. Kafaɗata ta kumbura ta sace, tafin hannuna ya yi kanta. In na juye ruwa da ƙarfi ya tone gindin shuka, daga can ƙarshen lambu zai ɗaga murya ya ce, “Kai Ilu, jaki kake yi wa wanka ne?” A haka na koyi sakin ruwa a hankali, ya bi magudana yana tafiya kamar mai jin kunya, ya cika fangali ba tare da ya kwantar da ko tsiro ɗaya ba.

Sai a rani na biyu ya bar ni na kama fartanya, na iya tayar da fangali gefensa daidai, na iya yayyafa iri na rufe shi da ɓuntun shinkafa don kada rana ta ƙona shi. Dashe kuwa sai da yamma, bayan rana ta yi sanyi, kuma in ya ga ka riƙe tsiro ta wuya maimakon ta ganye, sai ka ji ranƙwashi. Mutum ne marar yawan bayani. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce ka buɗe ido.

Akwai wata kusurwa a lambun da ya ware don gwaji. Duk irin da ya samu, ko wurin matafiyi, ko wurin wani masunci da ya dawo daga gabas, ba ya yabonsa, ba ya kushe shi. Sai ya shuka shi kafaɗa da kafaɗa da namu na gida, ruwa ɗaya, taki ɗaya, ya ce a bar su su yi gardamarsu. Wannan ɗabi'a na gada, har yau ban bari ba, kuma ita ta sa in na yi magana a kan iri ba ji na yi ba.

Ɗauki tumatur. Ɗan gida, wanda muka tarar, ƙarami ne mai tsaga-tsaga a jiki, ga 'ya'ya, ga ruwa, ga tsami. In ka zuba shi a kwando da safe, kafin la'asar na ƙasa ya zama miya, ba ɗan lodin da zai kalle shi. Amma kaɗan ya ishi tukunya, kuma ba ya tsoron zafin bazara, yana nan yana haihuwa lokacin da sauran suka kwanta. Ɗan gwangwani kuwa dogo ne mai tauri, ya yi kwanaki a mota zuwa Kudu ya sauka lafiya lau. Kyau kam ya fi, ban musa ba. Sai dai ɗan gata ne. Taki ya yi jinkiri, ya yi fushi. Tsutsa ta shigo lambu, shi take fara gaisarwa. In kuma ka cire irinsa ka shuka baɗi, abin da zai fito ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Shi ya sa nake shuka shi don kasuwa, ɗan gida kuma don tukunyar matata Ladi, wadda ta ce in na sake kawo mata wancan dogon, to in zo in dafa da kaina.

Kuɓewa ma biyu nake ajiyewa. Doguwar tana saurin fitowa, ita matan gari ke fara miƙa wa hannu, amma ka yi sakaci ta ƙara kwana a jikin uwarta, ta zama itace. Gajeriyar mai ƙaiƙayi, wadda in ka shiga tsinkarta sai ka yini kana susa, ita ce mai yauƙi, ita ake yankawa a shanya ta shekara ba ta canza ba. Albasa fara ta fi daɗi a wurin mai tsire, sai dai ba ta ajiyuwa, jar ce ke raka ka har damina. Na gwada kabeji iri-iri, na gwada wani latas mai murɗaɗɗen ganye da aka ce mini ya fi, akuyar maƙwabci ce kaɗai ta yarda da hakan.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da aka san lambun nan da shi tattasai ne, wanda mutane ke ce wa ɗan Maina. Faffaɗa ne ta sama, namansa da kauri, ja ne har ciki, kuma babu yaji a jikinsa ko na ɗanɗano, yaro sai ya ci shi kamar yalo. In aka shanya shi ba ya baƙi, yana bushewa da jansa. Baba Maina ya ce a wurin mahaifiyarsa ya gaje shi, ita kuma a gefen zane ta ƙullo shi daga garinsu lokacin da aka kawo ta aure.

Cire irinsa aiki ne mai zaman kansa. Tun tattasai yana ɗanye Baba zai zagaya ya zaɓi uwayen da suka yi masa, ya ɗaura musu tsumma ja. Wanda duk ya tsinki ɗan uwar da ke da tsumma, ranar sai ya gwammace bai zo lambu ba. Ba a ɗaukar 'ya'yan fari, ba a ɗaukar na ƙarshe, na tsakiya ake bari su nuna har su fara yamutsewa a jikin uwa. A fasa, a karkaɗe ƙwayar a faifai, ta bushe a inuwa, a gauraya ta da toka mai sanyi, a ɗura a gora, a toshe bakin da totuwar masara, a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke kaiwa. Ba a sayar da wannan iri. Wanda ya roƙa ana ba shi, ko da kuwa jiya kuka yi faɗa a kan ruwa. Doka ɗaya ce ke tafe da shi: barkono, wannan ƙaramin mai azabar yaji, ba ya zama kusa da ɗan Maina. Can ƙarshen lambu ake kai shi, a sa layukan masara a tsakaninsu. Na tambayi dalili, Baba ya ce, “Ba sa maƙwabtaka,” ya ci gaba da aikinsa.

Babbar mai sayenmu Hajiya Dije ce, wadda ke dafa abincin biki da suna a rabin garin nan. Mace ce mai faɗa, harshenta kaifi biyu, na magana da na ɗanɗano. Ba ta aike, da ƙafarta take zuwa bakin darni, ta ɗauki tattasai ɗaya daga kwando, ta goge a mayafi, ta gatsa. Takan ce miyar taro ba a yi mata yaji daga tushe, domin akwai tsofaffi, akwai masu ciki, akwai masu gyambon ciki. Ja take so da kauri, yaji kuwa kowa ya zuba nasa a kwanonsa. Ɗan Maina ne kaɗai ke ba ta wannan, kuma da shi ta yi suna.

Da Baba Maina ya ji jikinsa ya ƙi, ya sa aka sauko da gorar irin, ya miƙa mini a gaban 'ya'yansa. Su dama hankalinsu yana kan fataucin busasshen kifi, ba wanda ya ja. Bai yi doguwar magana ba, cewa ya yi, “Kada ya ƙare a hannunka.” Bayan rasuwarsa suka sallama mini lambun, daga baya na gina gida a gabansa. Na riƙe ɗan Maina shekaru masu yawa, ban taɓa fashin ɗaura tsumma ba.

Sai shekarar ruwa. Ambaliya ba baƙuwarmu ba ce a nan, kowa ya san in damina ta yi nisa kogi yakan kawo ziyara, balle da ciyawar kachala ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su. Amma na wannan shekarar daban ne. Mun fito sallar asuba ruwa yana idon sawu, kafin hantsi ya kai gwiwa a tsakar gida. Abin da mutum zai ɗauka yara ne da tsofaffi da buhun hatsi. Muka koma tudu wurin dangi, muna can aka zo aka ce mini ɗakunan ƙasa na unguwarmu sun zauna, har da ɗakin girkinmu. Da ruwa ya janye na dawo na yi ta tono a cikin laka da hannu. Na sami gorar, ta fashe. Irin ya sha ruwa ya tsira a ciki, fari sol, ya cure wuri ɗaya, ya ruɓe. Na zauna a kan tarkacen bangon nan, abin ya fi mini ciwo a kan ganin gidan a ƙasa. Gida ana sake ginawa, ƙasa tana nan, amma wannan ban san inda zan samo shi ba.

Na bi duk wanda na taɓa ba iri a unguwa. Wasu ruwan ya cinye nasu kamar nawa. Wasu kuwa sai sosa ƙeya, ashe sun daɗe da komawa gwangwani. A ranin nan dole ni ma na shuka ɗan gwangwani. Ya yi girma, ya yi sheƙi, 'yan lodi suna ta yabo. Hajiya Dije ta zo ta gatsa ɗaya, ta tofar, ta ce, “Ilu, wannan ai ruwa ne aka sa wa jar riga. Ina na Maina?” Na gaya mata. Ta yi salati. Da za ta tafi ta ce, “To ka nemo shi. Mutum ya ba ka amana, ba za ka ce mini ruwa ba.”

Bayan kaka aka yi suna a Guri, gidan yayata Hansatu, wadda aure ya kai can tun muna yara. Na shiga cikin gida gaishe ta, sai idona ya faɗa kan wata tabarma a kan rufin rumfa, an shanya tattasai, ja wur. Na ɗauko ɗaya.

Na ce, “Yaya, ina kika samo wannan?”

Ta ce, “Ji shi! Ba kai ka ba ni dashe ba, shekarar da na zo jinyar Inna? Tun daga nan nake cire irinsa. Mu gidanmu a tudu yake, ruwa bai taɓa mu ba.”

Kamar in rungume ta a gaban baƙi. Na ce ta nuna mini inda take shukawa. Ta ja ni bayan ɗaki, wurin makwararar da ruwan wanke-wanke ke bi. Nan ne kaɗai wuri mai laima a gidan, don haka komai nata yana wurin a cushe, alayyafo, kuɓewa, tattasai, kuma a tsakiyarsu ga barkono ya yi tsaye, ya yi jajir, rassansa har suna shiga cikin na tattasan.

Na ce, “Yaya, tare kike shuka su?”

Ta ce, “To rijiya biyu gare ni? Kada ka dube ni haka, Ilu, ni ban taɓa haɗa irinsu ba. Kowanne ƙullinsa daban.”

Gaskiyarta, ƙulli daban-daban ne. Ta kwance mini na tattasan ta ba ni fiye da rabi. Na dawo gida da murna, amma barkonon nan bai fita raina ba.

Na rene shi kamar jinjiri, na dasa. Tun a ganye na fara ganin abin da ban so ba, wasu faffaɗa irin wanda na sani, wasu sirara. Da suka yi 'ya'ya, wasu suka fito da tsini, wasu kuma ba ka raba su da ɗan Maina a ido. Labari ya kai wa Hajiya Dije, sai ga ta tun kafin in kira ta. Ta zaɓi mafi kyau a cikin fangali da hannunta, ta goge, ta gatsa. Sai na ga ta tsaya cak, idonta ya kawo ruwa, ta fara fifita baki da mayafi.

“Ilu! Kashe ni za ka yi? Ruwa! Ladi, kawo ruwa!”

A ranar na gane abin da Baba Maina yake nufi da rashin maƙwabtaka. Ƙudan zuma ne. Su ba ruwansu da ƙullin Yaya Hansatu, su tashi daga furen barkono su sauka a na tattasai, ɗan da aka tsinka a shekarar lafiyarsa ƙalau, amma ƙwayar cikinsa ta riga ta ɗauko yaji. Shekara da shekaru ana haka a bayan ɗakinta, ita kuma da yake miyar gidanta mai yaji ce, ba ta taɓa lura ba.

Ban da wata dabara sai harshena. Na bi fangali uwa bayan uwa, in tsinki ɗa, in fasa, in lasa farin jijiyar ciki inda yaji ke zama. Mai yaji in tumɓuke ta nan take, ko da ta fi kowa kyau. Marar yaji in ɗaura mata tsumma. Wahalar ita ce in ka ci karo da mai zafi, bakinka ya mutu, duk wadda ka lasa bayanta yaji za ka ji. Dole ka zauna, ka kurɓi nono, ka jira harshe ya dawo. Ladi takan aje mini ƙwaryar nono a bakin darni tana dariya, ta ce, “Malam, mutane suna shiga lambu su fito da kaya, kai kana fitowa da majina.” Leɓena ya yi ta saɓa, har tuwo na daina jin daɗinsa.

Na cire iri daga masu tsumma, baɗi na shuka da ƙarfin gwiwa. Yaji ya sake fitowa. Bai kai na bara ba, amma yana nan. Na yi tunani na ga inda aka cuce ni: kafin 'ya'ya su nuna har in ɗanɗana in tumɓuke masu yaji, zuma ta riga ta gama yawonta a kan fure. Kullum ni ne a baya.

Wata rana da hantsi Ladi ta wanke tsofaffin gidajen sauronmu ta shanya a kan darni, iska ta kwaɓo ɗaya ya rufe wata uwar tattasai. Na zo zan ɗauke, sai na ga ƙudan zuma yana ta zagaye a waje, ya rasa ta inda zai shiga. Na bar hannuna a sama ina kallonsa. Da na shiga gida na ce wa Ladi ina son duk tsohon gidan sauron da ke gidan nan, kuma a ɗinke hujojinsu. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Ta ɗauko zare da allura tana cewa ita da ta yi wa mutane ɗinki, yau ga ta tana yi wa kayan miya.

Ga yadda na yi. Uwar da na ɗanɗana na tabbatar ba ta da yaji, kuma 'ya'yanta sun fi kama da wanda na sani, sai in tsige duk furen da ya buɗe da duk ɗan da ke jikinta, in bar ta tsirara. Wannan shi ne mai ciwo, ka zubar da abin da ka sha wahala a kansa da hannunka. Sai in kafa kara huɗu, in rufa mata gidan sauro, in danne gefen da ƙasa. Duk furen da ya fito bayan nan, ba baƙon da ya taɓa shi. Da farko furen ya yi ta zubewa ba ɗa, hankalina ya tashi, sai na lura ba abin da ke motsa shi a ciki, ba iska sosai, ba zuma. Daga nan kullum da safe sai in zura hannu in ɗan girgiza kowace uwa. Suka fara kamawa.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Mai wucewa ya leƙo ta kan darni ya ce, “Malam Ilu, ya mai jiki? Zazzaɓin ya sauka?” Wani ya ce ko amare na ajiye a lambu. Har a masallaci an tambaye ni ko zan sayo musu katifa. Nakan amsa da cewa suna gaishe su. Ni dai na san abin da nake nema.

Irin da ya fito daga gidan sauro bai sake yin yaji ba. Amma ban tsaya nan ba, domin siffarsu ba ɗaya ba ce, akwai dogaye, akwai gajeru, akwai masu siririn nama. Rani bayan rani ina zaɓe, ina rufewa, ina girgizawa, ina tumɓuke wanda ya kauce, har aka zo shekarar da na tsaya a bakin fangali na ga duka sun fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Na lura ma sun fi na da jure zafi, sun fi yawan 'ya'ya, kuma suna saurin bushewa a tabarma. Na ce a raina alhamdu lillahi, amana ta dawo.

A lokacin Hajiya Dije ta tsufa, ƙafa ta hana ta fita, 'ya'yanta ke riƙe da girkin. Na cika ƙaramin kwando na kai mata har gida. Aka yi mini iso, na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta gatsa da gefen bakin da ke da sauran haƙora. Ba ta nemi ruwa ba. Na fara murmushi, ta ɗaga mini hannu.

“Tsaya tukuna. Ni a tukunya nake shaida. Je ka zaure ka jira.”

Ta sa aka niƙa shi a dutse, ba a inji ba, aka ɗora 'yar miya da mai da albasa da gishiri kawai. Ina zaune a zaure ƙamshi yana iso ni. Ban taɓa jin jira ya yi mini tsawo haka ba. Can aka kira ni. Ga miya a kwano, ja kamar an rina, ta yi kauri. Hajiya ta riga ta ɗanɗana, tana goge yatsa.

Ta ce, “Ba yaji. Launi ya yi. Duk kasuwar garin nan ba kamarsa, kuma bikin jikata da shi za a yi, ka ji na gaya maka.”

Na ce, “Alhamdu lillahi, Hajiya. Ɗan Maina ya dawo ke nan.”

Ta girgiza kai. “A'a. Na Maina yana da wani zaƙi da ke zuwa daga baya, bayan ka haɗiye. Wannan ba shi da shi. Wannan ƙamshi gare shi, wanda wancan ba shi da shi. Ɗanɗana ka ji.”

Na sa yatsa na kai baki. Na juya shi a harshe, na nemi in tuna ɗanɗanon wancan don in ƙaryata ta, na neme shi na rasa. Shekarun da na yi ina lasar yaji sun goge mini shi. Ita kaɗai ta rage a duniya da ke riƙe da shi a baki, ita kuma ta ce ba shi ba ne.

Ta ga yadda fuskata ta yi. Muryarta ta sauka, abin da ban taɓa ji ba, ta ce, “Wancan ya bi mai shi, Ilu. Allah ya jiƙansu duka. Ba ka ci amana ba, ruwa ne, kuma ka yi abin da ba wanda zai yi. Amma kada ka ɗora wa wannan sunan wani. Naka ne.”

Ban ɓoye muku ba, a hanyar komawa gida na yi hawaye, ni da gemuna. Na so a ce na mayar wa Baba abinsa yadda ya ba ni. Na daɗe ina ce wa masu saye ɗan Maina ne, su ce to, su juya su kira shi abin da suka ga dama.

Ranin da ya wuce ina gyaran magudana sai ga wani magidanci a kan babur, ya yi sallama a bakin darni. Ya ce daga Miga yake, ya ga wani tattasai a gonar surukinsa, an ce masa a wannan unguwar asalinsa yake.

Ya ce, “Baba, don Allah ko ka san inda zan sami irin ɗan Ilu?”

Na jingine fartanya. Na ce, “Wane ne Ilun?”

Ya ce, “Wallahi ban sani ba, Baba. Wani mutumin da ne, ina ji ya daɗe da rasuwa.”

Na ce masa ya jira ni. Na shiga gida na sauko da gora, na zuba masa a tafin hannu, na ƙara. Ya sa hannu a aljihu, na ce ya mayar, wannan ba a sayar da shi. Na ce ya kai barkononsa can ƙarshen gona, ya sa masara a tsakani, ya ce to. Har ya tayar da babur ya juyo ya ce Allah ya jiƙan mai irin nan. Na ce amin, da wanda ya koya masa.